Kafin a Cire Albasa

Brescia, 8 ga Nuwamba, 1998

Zuwa ga Yayata Alizeta, domin ta karanta wa mutanen gida.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake a nan. Ina gaida Baffa Bukare. Ina gaida Inna, ina yi mata ya jiki. Ina gaida mijinki da yara, da duk wanda ke zaune a gindin mangwaron gidanmu yana sauraro, har da waɗanda za su ce wucewa kawai suke yi.

Ni lafiyata ƙalau. Aikin narka ƙarfe yana nan yadda kuka sani, a ciki wuta, a waje sanyi. Ranar Lahadi ma ba hutu nake samu ba, domin mutanenmu na Begedo da Garango da ke nan Italiya cika mini ɗaki suke yi da takardunsu. Wannan a cike masa ta sabunta izinin zama, wancan a karanta masa abin da mai gida ya rubuto. Sun sa mini suna Lasane mai takarda. Ki gaya wa Inna bulalar da ta sha yi mini a kan makaranta ba ta tafi a banza ba.

Isaka ɗan garinmu ya iso ranar Talata da daddawa da gyaɗar da kuka aiko. Ya ce Inna ta fara motsa yatsun hannun da ya shanye. Na gode wa Allah ƙwarai. Shi zai juyo da wannan takarda, na kuma ba shi man shafawa kwalba biyu, a riƙa murza mata safe da yamma.

Game da yarinyar nan da ta zo jinya, na ji an ce tana ƙoƙari. Aikinta ne, ba abin yabo ba ne. Ta kula da Inna yadda ya kamata. Sai dai idan Baffa ya ga babu damuwa, a bar ta ta taso kafin a cire albasa, saboda akwai 'yan abubuwan da za a gyara a nan. Tikitinta yana akwatin Baffa tare da sauran takardunta, Wagadugu kawai za a je a sa mata rana.

Allah ya ƙara wa Inna sauƙi.

Ƙaninki,
Lasane Bara

*

Begedo, 13 ga Disamba, 1998

Lasane,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, yara suna gaishe ka, babansu ma haka.

Takardarka ta iso. Baffa ya farke ta da wuƙarsa a gaban kowa kamar kullum, ya juya ta sama da ƙasa kamar mai iya karatu, sannan ya miƙo mini. An fito da Inna a kan tabarma. Da na kai wurin bulala ta yi dariya da gefen bakin da ke aiki, dariyarta ta farko tun da ta faɗi.

Yanzu tana zama ba a jingine ta ba. Kuma bari in faɗa maka, tunda kai bakinka ya yi nauyi: ba man shafawarka ba ne, Rasmata ce. Ita ke ɗaga ta, ita ke yi mata wanka, ita ke ba ta kunu cokali-cokali. Ni ina makaranta tun safe da yara saba'in a aji, in na tashi ga gidan miji, sai la'asar nake leƙowa. Shekara shida yarinyar nan ta yi a gidan nan tana jiran ka gama haɗa mata takarda, ta je wurinka ta yi wata goma sha biyar kacal, aka ce uwarka ta faɗi, ta sa kai ta dawo ba ta ce uffan ba. Kai kuma ka ce ba abin yabo ba ne. Na san don kunnen jama'a ka faɗa, amma da na karanta wurin sai da na harari takardar.

Tana bayan rumbu tana ɓarar gyaɗa lokacin da nake karatu. Gyaɗar ba ta ƙaru a kwano ba sai da na gama.

Maganar tafiyarta, Baffa ya ce ya ji ya kuma yarda, kafin a cire albasa za ta taso in Allah ya so. Ruwa dai bai gama janyewa daga bakin kogi ba, iri yana nan a gadonsa yana jiran dashe.

Azumi ya ƙarato. Ka ci abinci, Isaka ya ce wuyanka ya yi tsawo, taliya kawai kake dafawa da gishiri. Ka ga abin da rashin koyon tuƙa tuwo ya ja maka.

Yayarka,
Alizeta

*

Begedo, 21 ga Fabrairu, 1999

Lasane,

Barka da shan ruwa, ko da yake ta kwana biyu. Mun yi Sallah lafiya. Ba mu ga takardarka ba tun ta Nuwamba, sai dai Baffa ya ce ka bugo waya kantin bakin kasuwa a ƙarshen watan jiya, aka kira shi ya je. Ya ce ka gaida kowa har da jaki, ka tambayi albasa, ya ce maka albasa lafiya, sai wayar ta katse. Ya dawo yana cewa ɗan nan har yanzu manomi ne a zuciyarsa.

Albishir: Inna tana takawa. Tana dafa kafaɗar Rasmata ta kai ƙofar gida ta dawo. Jiya har faɗa ta yi wa kaji.

Albasa ta fara yin kai, lawashi yana tsaye kore shar. Masu gona sun ce sai bayan Babbar Sallah za a cire. Saboda haka Baffa ya tsayar da ranar ashirin ga Maris, mako guda kafin layya, Rasmata ta taso. Ka ga mun cika maka sharaɗinka har da rara, kada ka ce mutanen gida ba sa jin magana. Ni zan raka ta Wagadugu.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Kwanan nan ta yi shiru da yawa. Na gaya mata an sa rana, na ɗauka za ta yi murna, sai kawai ta ce, "To, Yaya," ta ci gaba da wanke-wanke. Wataƙila rabuwa da Inna ne, sun shaƙu sosai.

Ka rubuto abin da kake so a taho maka da shi.

Yayarka,
Alizeta

*

Brescia, 7 ga Maris, 1999

Zuwa ga Yayata Alizeta, domin mutanen gida.

Ina gaida Baffa, ina gaida Inna, na yi farin ciki da jin tana takawa. Ina gaida kowa da kowa. Ni lafiya lau.

Takardarki ta iso shekaranjiya. Game da tafiyar yarinyar nan, a ɗan dakata tukuna. Ɗakin da nake ciki yana yoyo, mai gidan ya ce zai gyara, kuma sanyi bai gama fita ba. Ta zauna ta ƙara taimaka wa Inna har ƙafar ta yi ƙwari. Kada a je Wagadugu sai na ce a je.

Ba na bukatar komai daga gida. Ku yi layya lafiya.

Ƙaninki,
Lasane

*

Begedo, 25 ga Afrilu, 1999

Lasane,

Muna lafiya. Gaisuwar ke nan, domin raina a ɓace yake.

An cire albasa, an ɗure ta a buhu, motoci sun kwashe. Mako bakwai ke nan da 'yar guntuwar takardarka, ba ka ƙara cewa komai ba. Wane irin yoyo ne wannan da ƙasar Turawa ta kasa toshewa a wata biyu? Isaka ya zo layya, Baffa ya tambaye shi labarin ɗakin, ya ce shi dai ya sha shayi a ciki ana ruwan sama bai ga ɗigo ko ɗaya ba. A gaban mutane ya faɗa, bai san ya yi ɓarna ba.

Ka san garin nan. Kowane gida da wanda ke Italiya, kowace mace ta san yadda ake kiran mata, ta kuma san yadda ake ajiye su. Ranar kasuwa ina tsaye wurin mai tumatir na ji wata tana ce wa 'yar'uwarta, "Ai jinya suna ne kawai aka sa wa abin. Wata sha biyar ba ko ɓatan wata, ya maido musu kayansu cikin mutunci." Ɗayar ta ce, "Ɗan boko ne, ba ya saki da baki, da shiru yake yi." Na juya na dube su, suka ce, "Malama, ina gajiya?" Na ce gajiya tana bakinku.

Matan da suka riƙa zuwa tana nuna musu hotunan dusar ƙanƙara, yanzu tambayarta suke yi a bakin famfo, "'Yar Italiya, yaushe jirgin?" Sai ta ɗauki ruwanta ta wuce. Ta daina sa takalmin da ta zo da shi, ta naɗe rigar sanyinta ta tura ƙarƙashin gado. Wanta ya zo daga Niyago ya yi wa Baffa gaisuwar da ta fi awa guda, a ƙarshe ya ce idan an gama da jinya, su ma suna da tsohuwa a gida. Ka san abin da wannan yake nufi. Baffa ya ce a ba shi zuwa faɗuwar damina.

Inna ta bar tambayata ko takarda ta zo.

Ni na goya ka, Lasane. Idan ka gaji da ita ne, ka faɗa kamar namiji, iyayenta su ɗauke ta tun tana da sauran ƙuruciya. Idan wata ka samu a can, ka faɗa. Amma wannan shirun rashin mutunci ne, kuma ba haka aka rene ka ba.

Alizeta

*

Brescia, 16 ga Mayu, 1999

Yaya,

Wannan taki ce ke kaɗai, shi ya sa na aiko ta gidan waya da adireshin makaranta. Ina gaishe ki. Lafiyar jiki ina da ita.

Babu wata mace, ɗakin kuma bai taɓa yoyo ba. Ƙarya na yi. Takardar zaman Rasmata ta mutu, kuma ni na kashe ta.

Ranar sha biyar ga Fabrairu wa'adinta ya cika. Dole ne ta kasance a ƙasar nan kafin ranar domin a sabunta mata. Na san ranar kamar yadda na san sunana, da hannuna na cike takardun. A wasiƙata ta Nuwamba sai da na rubuta ta da lamba. Da na sake karantawa sai na ji muryarki tana faɗar ta a gindin mangwaro, ga Inna kwance baki a karkace, ga matan gida a zagaye, ana jin ɗanta yana ƙirga kwanakin da za a maido masa da matarsa. Na ji kamar ana cewa uwarsa ba ta ko tashi ba, shi ta mace yake yi. Na yaga takardar na sake wata, na ce kafin a cire albasa. Har daɗi na ji, wai na yi dabara, na faɗi magana ban zubar da kunya ba.

Yaya, lokacin da na bar gida ba a gina madatsar ruwa a kogin ba. A sanina ruwa yana janyewa da wuri, kafin ƙarshen Janairu mun gama ɗora buhuna a mota. Duk zuwan da na yi tun daga nan a watan Agusta ne, lokacin da ake rufe ma'aikata, ina tarar da ku cikin damina. Shekara tara ban ga an cire albasa ba. Kin rubuto mini cewa ruwa bai janye ba, iri yana jiran dashe, na karanta na wuce kamar labarin yanayi. Da na tsaya na yi lissafi da yatsuna, da na gane.

Da na ga Janairu yana ƙarewa ba labari, na buga waya da niyyar faɗa wa Baffa ranar ƙarara. Kafin in buɗe baki ya ce, "Ɗana, yau uwarka ta miƙe tsaye da kafaɗar yarinyar nan. Ba don ita ba da mun binne ta." Me zan ce bayan wannan? Na ce, "Baffa, albasa fa?" Ya ce lafiya. Wayar ba katsewa ta yi ba, ni na ajiye.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya biyo baya. Bayan ranar ta wuce ban tambayi kowa ba. Wa zan tambaya? Ni ake tambaya. Ni ne nake yi wa mutane faɗa ranar Lahadi, ina ce musu ku riƙa duba kwanan wata, ƙasar nan ba ta san sai gobe ba. Sau biyu na je ofishin ƙungiyar ma'aikata inda ake taimakon baƙi, na tarar da mutanenmu a layi, suka ce, "Mai takarda, wa ka kawo wa yau?" Na ce wani ne, na gaisa da su na juya. Na riƙa ce wa kaina zan gano hanya ni kaɗai kafin kowa ya ji.

Sai ranar ashirin da bakwai ga Afrilu na shiga jirgin ƙasa na tafi wani gari inda ba wanda ya san fuskata. Wata dattijuwa ce a teburin. Ta saurare ni, ta jawo kalanda tana ƙirgawa da bakin biro. Ta ce bayan takarda ta mutu akwai kwana sittin da mutum zai je ofishin jakadanci a ba shi izinin dawowa. Kwana sittin ɗin sun cika ranar sha shida ga Afrilu. Ta ce, "Me ya hana ka zuwa tun a Maris?" Kwana goma sha ɗaya, Yaya. Lokacin da nake rubuta muku ƙaryar yoyo, ƙofa a buɗe take, saura kwana arba'in.

Yanzu sai an faro daga tushe, kamar ba ta taɓa zuwa ba. Matar ta ce shekara ɗaya da rabi idan an yi sa'a, ko biyu.

Kunya ta hana ni sakat. Rigarta tana rataye a bayan ƙofa, na kasa cirewa na kasa dubawa. Ina roƙonki ki ce wa mutanen gida Turawa ne suka canza doka, takardu suka tsaya. Kowa zai yarda, kullum ana yi. Ita kuma ki gaya mata a keɓe ba na da kowa sai ita. Ki rufa mini asiri.

Ƙaninki,
Lasane

*

Begedo, 6 ga Yuni, 1999

Lasane,

Na samu takardarka, na karanta ta a aji bayan an tashi yara. Muna lafiya, ruwan farko ya sauka.

Na yi niyyar zaginka shafi biyu. Na fasa, domin ni ma ina da kasona.

Kwana biyu bayan Ƙaramar Sallah ina zaune a tsakar gida ina duba littattafan yara, Rasmata ta zo ta durƙusa kusa da ni. Ta ce, "Yaya, sha biyar ga watan biyu na Turawa, saura kwana nawa?" Ko kai ban ɗaga ba, na ce sati uku da 'yan kwanaki. Na ƙara da tsokana, na ce, "Ke da ba kya ɗaukar albashi, me ya haɗa ki da watan Turawa?" Ta yi murmushi ta tashi. Ni malama guda, mai koya wa yara tambaya, ban tambaye ta komai ba. Ban sake tunawa da maganar ba sai da na ga ranar a takardarka.

Ta san ranar, Lasane. Ta koyi lamba a can wurin duba motocin haya da farashin kaya, ta kuma haddace abin da ke jikin katin zamanta kafin Baffa ya kulle shi a akwati. Na ja ta bayan makaranta na karanta mata takardarka duka, ban tsallake komai ba. Na ce me ya sa ba ki yi magana ba? Ta ce, "Da wane bakin, Yaya? In ce wa Baffa ya buɗe akwati ina son komawa wurin mijina, Inna tana dafe da kafaɗata? Kuma shi ne mai takarda. Da ya ce albasa, na ɗauka ya san abin da ban sani ba." Sannan ta ce, "Da ranar ta wuce ya rubuto a dakata, sai na ce ashe da gangan ya bar ta ta wuce."

Wata uku da rabi tana ɗauke da wannan ita kaɗai, tana wanke uwarka da shi, tana ba ta kunu da shi. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce kawai, "Ashe mantuwa ce ta albasa," ta yi wata 'yar dariya da ban so jin ta ba.

Ba zan ce Turawa ne ba. Idan na faɗi haka kai ka fita, ita kuma tana nan a bakin matan famfo, domin za su ce me ya sa takardar kowa ba ta tsaya ba sai tata. A gindin mangwaro aka ji a dakata, a gindin mangwaro za a ji dalili. Ka rubuto ta hannun Baffa, da ranar, da sunanta. Idan ba ka rubuto ba, wannan da ke hannuna zan karanta musu, har da wurin rigar. Wanta ya ce zai dawo idan an gama noman farko.

Yayarka,
Alizeta

*

Brescia, 27 ga Yuni, 1999

Zuwa ga Baffa Bukare, da Inna, da duk mutanen gida. Yaya, ki ɗaga murya.

Ina gaishe ku. Ina neman gafararku tun kafin in fara, domin zan faɗi abin da ɗa ba ya faɗa a gaban iyayensa.

Na yi muku ƙarya a watan Maris. Ɗakina bai yi yoyo ba. Takardar zaman matata Rasmata ta ƙare ranar sha biyar ga Fabrairu. Na san ranar, na ji kunyar faɗar ta, na ce muku albasa, alhali na jima da barin gida ban san lokacin albasa ya canza ba. Bayan haka akwai kwana sittin da za a iya gyarawa, girman kai ya hana ni tambaya har suka wuce. Ba laifin Baffa ba ne, ba na ciwon Inna ba ne, ba na Turawa ba ne. Nawa ne ni kaɗai. Mutanenmu na nan ma na tara su ranar Lahadi na faɗa musu, ba sai Isaka ya kawo muku labari ba.

Ban maido Rasmata ba. Ban gaji da ita ba, kuma maganar haihuwa ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Ina son matata, ina kewarta, ina so ta dawo ɗakinta. Wanda ya ji wata magana a kasuwa, ya kai wannan can ita ma. A aika Niyago a gaya wa surukaina, ina ba su haƙuri.

Na fara haɗa sababbin takardu. An ce zai kai shekara ɗaya da rabi ko biyu. Zan zo a Agusta in durƙusa a gaban wanda ya kamata.

Ɗanku,
Lasane

*

Begedo, 18 ga Yuli, 1999

Lasane,

Gaisuwa. Muna lafiya, gero ya kai gwiwa.

Na karanta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gindin mangwaro a cike. Da na kai inda ka ce kana son matarka, Baffa ya shiga tarin da ba shi da shi, matan gida suka sunkuyar da kai, wata ta ja gyale ta rufe baki. Ni kaina kunnuwana zafi suke yi. Ba a taɓa jin irin wannan a gidan nan ba.

Inna ta ce, "Maimaita." Na ce wane wurin? Ta ce, "Ranar." Na maimaita. Ta kira Rasmata daga bayan rumbu, ta ce, "Ke ma kin sani?" Ta ce, "Na sani, Inna." Inna ta dube ta, ta ce, "Ku biyu kuka dube ni kuka ga ba zan iya jin lamba ba. Hannuna ne ya mutu, ba kunnena ba. Da kun faɗa, da wannan ƙafar zan ja in kai ki tasha." Ta miƙe za ta shiga ɗaki, Rasmata ta kawo kafaɗa, ta ƙi dafawa, ta bi bango. Ranar ba ta ci abinci ba. Washegari ita ta kira ta da kanta ta ce ta zo ta tsefe mata kai, na ji su suna magana ƙasa-ƙasa har azahar.

Baffa ya buɗe akwati ya fito da fasfonta da mataccen katin, ya miƙa mata a gaban kowa, ya ce daga yau mai takarda shi ke riƙe abinsa. Ya je Niyago da kansa ranar Lahadi. Wanta ya ce sun ji, za su jira Agusta. Matan famfo kuwa sun samu sabon abin yi, yanzu kai suke kwaikwaya, "Ina son matata." Ka shirya, da shi za a tare ka tun daga tasha.

Na ce wa Rasmata ko tana da saƙo in rubuta. Ta ce in ce maka ta ji. Na tsaya da biro ina jiran sauran, ta ce ke nan.

Amma jiya ta je ta durƙusa wa Baffa ta roƙi fili a bakin kogi, kusa da wanda Inna take nomawa da. Ya yanka mata. Na tarar da ita tana auna irin albasa a tsumma tana ɗaurewa. Ta ce tunda za ka tambaya, in rubuta maka da kyau: ruwa zai janye a Disamba, a dasa a ƙarshensa, a cire a farkon Afrilu. Na ce ƙulli biyu na gani, na mene ne ɗayan? Ta ce na baɗi ne.

Ranar da ka miƙa sababbin takardun, ka rubuto mana ita da lamba.

Yayarka,
Alizeta